Muryar Babana a Bakin Suhaibu

Salamu alaikum 'yan uwana. Na ga saƙonninku, har da masu tsokanata wai ko an ɗaura ne na ɓoye muku. Ba a ɗaura ba. Shirun da kuka ji na yi irin na wanda ƙaya ta tsaya wa a maƙogwaro ne, ta ƙi wucewa ta ƙi fitowa. Yau dai na ce bari in zauna in faɗa, ko na samu numfashi.

Ga wadda yau ta fara karanta ni, sunana Rahima, 'yar Gashuwa ce ni, a unguwar da in ka tsaya ƙofar gidanmu kana jiyo hayaƙin banda daga bakin kogi. Babana Malam Ibram Bade ne gaba da baya, kifi ya gada, kifi yake sayarwa, da shi ya yi mana karatu ni da Yaya Madu. Mahaifiyarmu Hajja Babarbariya ce, a hannunta na koyi haɗa humra da turaren wuta, sana'ar da nake yi ke nan tun da na gama kwaleji.

Shi kuwa Suhaibu, wanda aka sa mana rana da shi bayan babbar Sallah, ɗan Nguru ne. Bafulatani, dogo, fari, mai shagon gyaran waya kusa da tsohuwar tashar jirgi. Amma ba da gyaran waya aka san shi ba. In kina hawa TikTok a yankinmu, to kin san Honarabul Sai Gobe, ɗan siyasar nan mai babbar riga da matashin kai a ciki a matsayin tumbi, wanda duk abin da aka tambaye shi sai ya shafa ciki ya ce, "Sai gobe, jama'a, sai gobe." To shi ne nawa. Ko in ce, shi ne nake cewa nawa.

Wallahi Suhaibu ya iya. Akwai wani bidiyonsa da ya yi a kan ɗan majalisarmu, Honarabul Ajimi, lokacin da ya zo ya buɗe mana famfon da bai ƙara kawo ko ɗigo ba bayan tafiyar motocinsa. Suhaibu ya fito yana yanka kirtani da almakashin tela, ya murɗa famfo, abokinsa Munzali na laɓe a bayan katanga yana tsiyaya ruwa daga buta. Da butar ta ƙare sai Honarabul Sai Gobe ya juyo ya ce, "Kun ga ni ko? Ruwan ma ya gaji, sai gobe." Baba ya kalli wannan bidiyon ya fi a ƙirga. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, yana share hawaye da gefen rawaninsa yana cewa, "Rahima, sake saka mini yaron nan. Yaron nan gaskiya yake faɗa, gaskiya!"

Shi ya sa ranar da Suhaibu ya zo gaishe shi a karon farko ban ji ɗar ba. Hajja ta yi burabisko da miyar tarwaɗa, na turara zaure har sai da Yaya Madu ya ce ko gobara ake. Na sa laffayata ruwan zuma na laɓe a bayan labule ina leƙe. Baba mutum ne mai hira, in ya samu mai saurare ba ya gajiya. Ya ba shi labarin shekarar da kogi ya cika ya shigo gari, da labarin yadda ya fara kai banda Kano a bayan babbar mota. Suhaibu ya naɗe ƙafa, ya sunkuyar da kai, yana kallon bakin Baba kamar almajirin da ke ɗaukar karatu.

A nan sai na gaya muku wani abu game da babana. Da girmansa ya koyi Hausa, a kasuwa. Har gobe bai raba mace da namiji a magana. Ni 'yarsa "kai" yake ce mini. "Rahima, zo ka ci abinci." In zai yanke magana kuma sai ya sosa bayan kunnensa, ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce, "To, to, to, magana ya ƙare." Mu a gida ba ma ma jin sa, muryar babanmu ce kawai. Da ita ya yi mana huɗuba, da ita yake sa mana albarka. Da ita kuma ya ce wa Suhaibu a ranar, "Na ba ka shi. To, to, to, magana ya ƙare."

Na koma ɗaki na rungume Hajja ina kuka don murna. Na ce a raina, ji yadda yake sauraren Baba, ji ladabi. Ashe haddace shi yake yi.

Wata Alhamis da hantsi ina tsakar gida ina ɗura humra a kwalabe, saƙonsa ya shigo.

"Gimbiyar Gashuwa, yau zan saki wani abu. Ki nemi waje ki zauna kafin ki kalla, kar ki faɗi."

Na rubuta masa, "Wa kuma za a yanka yau?"

"Mutuminku. Ajimi. Zaɓe ya matso, sai mun gama da shi."

Na yi murmushi na ci gaba da aikina. Da azahar ta kusa sai na ji wayata tana ta ƙara, saƙo kan saƙo. Ƙawata Hafiza ta turo mini bidiyon ba tare da ta rubuta komai ba, ita da ba ta iya turo ko gaisuwa ba sai da surutu. Na goge hannuna a zani na danna.

Da farko ban gane Suhaibu ba. Ya shafe fuskarsa da wuyansa da baƙin tukunya, baƙi ƙirin, sai idanu da haƙora. Ya rataya busassun kifi a wuya kamar carbi. Munzali a matsayin ɗan jarida ya matso da abin magana, sai ya toshe hanci ya ja da baya. Aka saka sautin dariya. Munzali ya ce, "Honarabul, me za ka yi wa jama'a in ka koma?" Sai Suhaibu ya sosa bayan kunnensa.

Gabana ya faɗi tun kafin ya buɗe baki.

Ya yi gyaran murya sau biyu. Ya ce, "Mu mutanen ruwa, kujera ba namu ba ne, amma tunda an ba mu, za mu ci shi har ƙaya. Wutar lantarki kuma me za ku yi da shi? Ni in an ɗauke wuta ma ba a ganina sai na yi dariya. Matana ya ce in yi wanka, na ce shekara bai zagayo ba. To, to, to, magana ya ƙare."

'Yan uwa, Honarabul Ajimi ba haka yake magana ba. A Kaduna ya yi karatu, Hausarsa ta fi tawa. Bade ne, eh, baƙi ne, eh, amma wannan muryar ba tasa ba ce. Wannan jan numfashin kafin "to" na uku, wannan karkatar da kan, wannan ɗan rawar da murya ke yi a ƙarshe, mutum ɗaya ne a duniya yake da su. Babu famfo a bidiyon, babu asibiti, babu hanya. Babu abin da Ajimi ya yi ko ya ƙi yi. Fatarmu ce kawai, da warin sana'armu, da harshen babana.

Kwalbar da ke kan cinyata ta suɓuce ta fashe. Ƙamshin humra ya cika gidan.

Hajja ta fito daga kicin tana cewa, "Ke lafiya? Wa ya mutu?" Na miƙa mata wayar. Ta kalla har ƙarshe, ta miƙo mini, ta zauna a bakin rijiya ta dafe kai.

Ba a jima ba muka ji sallamar Baba. Bai taɓa dawowa daga kasuwa kafin la'asar ba. Ya shigo, bai kalli kowa ba, ya ajiye takalmansa a inda ya saba, ya shige ɗaki ya saki labule. Yaya Madu na biye da shi, idanunsa jajir, rigarsa a yage a kafaɗa.

"Yaya, me ya faru?"

"Tambayata kike yi? Je ki tambayi angonki!" Ya nuna ɗakin Baba. "Baba na ciniki da wani ɗan Kano, ya yanke farashi ya faɗi maganarsa da ya saba, sai kawai rumfar masu lodi ta fashe da dariya. Wani ya ce, 'Wallahi shi ne! Shi ne na bidiyon!' Suka kewaye shi da waya, wai ya maimaita. Baba yana ta murmushi, bai san me ake ba, ya ɗauka wasa ake da shi. Har ya maimaita musu, Rahima. Har ya maimaita! Sai da wani ya saka masa a fuska ya gani."

Na toshe bakina da mayafi. Abin da ya fi yanka ni ke nan har yau, wai har ya maimaita musu.

Na shiga ɗaki na kira Suhaibu. Ya ɗauka da dariyarsa, ana hayaniya a bayansa.

"Gimbiya! Kin gani? Bidiyon nan ya tashi, tun da nake ban taɓa ganin irin haka ba, har daga Nijar ake..."

"Muryar wa ka yi?"

Ya daina dariya. "Ajimi mana."

"Suhaibu, ka ji tsoron Allah. Muryar wa ka yi?"

"Haba Rahima. To, na ɗan ara salon Baba, don shi ne ya fi daɗi a kunne. Wa zai gane? Ai ban kama suna ba."

"Kasuwar kifi kaf ta gane."

"Wasa ne fa! Ke yanzu ba ki san wasa ba? Sau nawa na kwaikwayi Fulani, ni da kaina, ina tallan nono kina dariya? Sau nawa na tsokani Barebari, Hajja da kanta tana ce mini bawanta?"

"Wannan wasa ne da ake ramawa. Ka faɗa wa Hajja, ta faɗa maka, kowa ya tashi da dariya. Baba a ina zai rama? Wayarsa ko hoto ba ta ɗauka. Kuma ka ce don Ajimi ka yi. Me ya haɗa satar Ajimi da baƙin fata? Da fari ne, da famfon ya kawo ruwa?"

"Ke ba ki gane harkar nan ba. In ba ka sa yaji ba ba mai kallo."

"Ni ce yajin? Ka san launina kuwa? Ko ba ka taɓa kallona da rana ba?"

"Ke daban ce, Rahima."

Na ji kamar ya watsa mini ruwan zafi. Ke daban ce. Wato sauran dangina su ne abin da ya nuna, ni ce ya tsame ya wanke. Na ce, "Ka goge shi." Ya ce zai duba, wai yanzu in ya goge mutanen Ajimi za su ce tsoro ya ji. Na kashe wayar.

Bai goge ba. Ko da ya goge ma, aikin gama ya gama, ya riga ya shiga kowace waya.

Ranar Asabar da safe sai ga kiran Munzali, yana haki. Wai suna zaune a shago wata mota ta tsaya, aka ce wa Suhaibu ya zo ya amsa tambaya, aka tafi da shi ko takalmi bai saka daidai ba. An kawo shi nan Gashuwa an rufe. Ƙarar Honarabul Ajimi ce, wai ya ci mutuncin ƙabila yana neman tada fitina.

Kar ku tambaye ni me na ji, don ni ma ban sani ba. Mutumin da na kwana biyu ina tsine wa a zuci, da na ji yana bayan kanta sai na shiga tunanin halin da yake ciki. Suhaibu yana da gyambon ciki, in bai ci abu da safe ba sai ya dinga murƙususu. Abin da ya fara zuwa raina ke nan. Na tsani kaina da wannan tunanin, amma shi ya zo.

Kafin azahar duniya ta ɗauka. Duk inda na leƙa hotonsa ne, "A saki Sai Gobe." Masu cewa an danne 'yancin faɗin albarkacin baki, masu cewa gwarzon talakawa ne. A ɗaya gefen 'yan uwana Badawa, wasu na cewa Allah ya ƙara, a bar shi ya ruɓe a can. Wani ya rubuta, "In ba ku son a ce kuna wari, ku yi wanka mana." Wani ya mayar masa da zagin da ya haɗa Fulanin duniya gaba ɗaya, har da shanunsu. Mutanen da suke cin kasuwa ɗaya, suke auren juna. Na yi ta neman wanda zai ce abu biyun nan duka gaskiya ne, cewa abin da ya yi ƙazanta ne kuma rufe shin zalunci ne. Ban samu ba. Kowa ya ɗauki rabi ya gudu da shi.

Gogo, mahaifiyar Suhaibu, ta kira ni daga Nguru tana kuka. "Rahima 'yata, ku yi wa Allah. Yaro ne, bakinsa ne ya fi shi. Ki roƙar mini Malam." Na ce, "Gogo, ba Baba ya kai shi ba." Ta ce, "Na sani, amma an ce shi ake nema ya yi shaida."

Ban gane maganarta ba sai washegari, da motoci uku suka cika mana lungu.

Honarabul Ajimi da kansa, cikin farar shadda mai ɗaukar ido, da hula zanna, turarensa ya riga shi shigowa zaure. Tun da ya hau kujera bai taɓa taka unguwarmu ba sai ranar famfo. Aka shimfiɗa masa darduma. Ni da Hajja muka tsaya a bayan ƙofa. Ya gaida Baba da Badanci, yana ɗan lalube kamar mai tafiya a duhu, ka ji harshen da aka daɗe ba a taɓa ba. Baba ya amsa masa. A nan zan juya muku maganar Baba zuwa Hausa yadda take, don a harshensa babana ba ya tuntuɓe. In yana Badanci, dattawa shiru suke yi.

Honarabul ya ce, "Baba, abin da aka yi maka mu duka aka yi wa. Yaron nan ya zagi iyayenmu da kakanninmu. Ina so gobe ka zo ka faɗa da bakinka cewa kai ya kwaikwaya. In dattijo kamarka ya yi magana, sai ya yi shekaru bai ga rana ba. Daga kansa ba wanda zai ƙara raina Bade."

Baba ya gyara zama. Sannan ya ce, "Ajimi, yaron nan ya ci abincina, ya ɗauki muryata ya kai kasuwa ya sayar. Wannan tsakanina da shi ne, kuma ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Amma kai ba wannan ne ya kawo ka ba."

"Baba, wallahi kishin..."

"Bari in gama. Mata a unguwar nan har yau ruwan 'yan garuwa suke saye su sha. Ranar da ya faɗi wannan, ka so ka kama shi, ka rasa da me. Yau ya yi wauta ka samu igiya, kana so in zama ni ne ƙullin. In ya shiga kurkuku saboda ni, gobe wanda zai yi maganar famfo sai ya tuna ya yi shiru. Ni an yi dariyata, ban mutu ba. Ba zan je ba."

Wani daga cikin 'yan rakiyar ya fara magana da Hausa, wai Baba ya yi tunani, Honarabul ba ya manta alheri. Yaya Madu ya miƙe ya ɗauko musu takalmansu ya jera a bakin ƙofa. Suka fita ba sallama.

Na ɗauka Baba ya gama. Ashe da sauransa. Da safe ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya nemi dattawa biyu na bakin kogi, suka tafi inda ake tsare da Suhaibu. Yaya Madu ya ce Baba bai ko nemi ganinsa ba. Ya dai faɗa wa manyan wajen cewa shi ne mai muryar, kuma ba shi da ƙara. Da wannan, da lauyan da 'yan uwansa suka kawo, da surutun da ya yi yawa, aka ba da shi beli kafin la'asar.

Na jira. Na ce yau zai zo ya durƙusa a zauren nan. Na ma share zauren, Allah ya sani. Bai zo ba, kai tsaye Nguru aka wuce da shi, abokai na bin motar da babura suna hon.

Washegari ya saki sabon bidiyo. Farar jallabiya, fuska a wanke, murya ƙasa ƙasa. Ya gode wa masoya da suka tsaya masa. Ya ce ba za a taɓa rufe bakin gaskiya ba. A ƙarshe ya ce, "In akwai wanda ya ji ba daɗi a wasan da na yi, ya yi haƙuri, ba da nufi ba ne." In akwai. Bai ambaci Baba ba, bai faɗi wanda ya je ya buɗe masa ƙofa ba. Ni kuma ya turo mini:

"Gimbiya na fito. Na yi kewarki. Kin ga na ba da haƙuri ko? Ki gaida Baba, ki ce na gode ƙwarai. Komai ya wuce insha Allah."

Na kife wayar.

A gida kuwa wuta ce. Hajja ta fito da akwatin kayan sa rana ta ajiye a tsakar ɗakinta, ta ce ita ba za ta haɗa jini da wanda ya shafa baƙin tukunya don ya zama mijinta ba. "Gobe in kin haifa masa ɗa mai kamar Malam fa? Shi ma bidiyo zai yi da shi?" Yaya Madu ya rantse in Suhaibu ya ƙara taka lungun nan sai an ɗauke shi a amalanke. Ƙannen Baba mata suka yi ta zarya, kowacce da ɗan da take so ta haɗa ni da shi. Ni dai ina zaune a tsakiya kamar gawa, ana ta shawara a kaina.

Amma duk wannan bai kai abin da nake gani a Baba ba. Babana ya daina hira. Ya koma kasuwa, amma Yaya Madu ya ce yanzu shi yake yin ciniki, Baba sai dai ya nuna da yatsa ko ya gyaɗa kai. In baƙo ya yi sallama da Hausa, sai ya amsa a gajarce ya tura Yaya. Rannan zai kira ni, na ji ya fara, "Rahima, zo ka..." sai ya tsaya. Ya yi ta lalube. Sannan a hankali, kamar mai taka ƙaya, ya ce, "Zo ki." Ya gyara. Mutumin da ya haura sittin yana gyara bakinsa a cikin gidansa, a gaban 'yar da ya haifa. Na shiga banɗaki na dinga tsiyaya ruwa a bokiti don kar a ji kukana.

Jiya bayan la'asar yana zaune a gindin darbejiyar tsakar gida yana ɗinke wata tsohuwar komar kamun kifi, ya yafito ni. Na zauna a gefen tabarmar. Ya yi mini magana da Badanci, ni da nake ji amma amsawa ke ba ni wuya.

"Uwarki ta ce a mayar da kaya. Yayanki ma haka. Ba wanda ya tambaye ki. Kina son sa har yanzu?"

Na so in yi ƙarya. Ƙarya ta fi sauƙi, kuma ita kowa yake jira. Amma ban taɓa yi wa wannan fuskar ƙarya ba. Na ce, "Baba, ina jin haushinsa kamar in mutu. Kuma ina son sa. Ban san yadda zan yi ba."

Bai ɗago ba, ya ci gaba da jan zarensa. "Ba laifi ba ne. Yaron yana da baiwa, kuma yana da zuciyar faɗa wa manya gaskiya. Abin da ban sani ba shi ne ko yana da ta faɗa wa kansa. Ki gaya masa ya zo ranar kasuwa. Ba gida ba. Ya same ni a rumfata, inda aka yi dariyar. Ba na son ya durƙusa, ba na son kuka. Ya tsaya a gaban mutanen nan ya ce muryata ya ɗauka, kuma bai kyauta ba. In ya yi haka, ni zan shawo kan uwarki."

Na kama hannunsa mai kaushin igiya na ɗora a goshina.

Na shiga ɗaki na rubuta wa Suhaibu duk yadda Baba ya ce, ban ƙara ba ban rage ba. Na ƙare da, "Wannan ce ƙofar da ta rage mana. Don Allah kar ka bari ta rufe."

Ya karanta nan take. Na ga yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Ina riƙe da wayar da hannu biyu ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, ina jiyo Hajja a waje tana jan akwatin nan zuwa bakin ƙofa.

Sai ga amsarsa ta shigo.

"Rahima, a kasuwa fa? Cikin mutane? Kin san kowa da waya a hannunsa. Ɗaukata za su yi su watsa, duniya ta yi ta yi mini dariya. Ke kin san yadda abin nan yake da ciwo kuwa?"

Na karanta. Na sake karantawa. Daga tsakar gida Baba ya ɗaga murya a hankali, yana tambayata ko yaron ya amsa.